Hawainiya Za Ta Yi Tafiya

Wata goma sha ɗaya na yi ina zanen hawainiya
a kan teburin da Inna ke yanka alayyahu,
a Gangare, ɗakin da rufinsa ke yoyo
daidai kan shafi na bakwai.
Sau uku ruwan Agusta ya wanke mata wutsiya,
sau uku na sake naɗe ta.

Labarin ba shi da yawa:
ta yi barci cikin kwandon kabeji,
ta farka a Farin Gada
tsakanin karas da tumatir da koren tattasai,
ta rasa launin da za ta ɗauka.
Kalma ɗari da tamanin, ke nan.
Mai ɗab'i a Dilimi ya ce shuɗin nan zai ci kuɗi.
Na ce a bar min shuɗina,
na sayar da 'yan kunnena.

Sai ga saƙo a waya ranar Laraba
daga wata mata, a garin da harshena ya kasa faɗin sunansa:
suna son haƙƙin fassara.
Takarda shafi tara
a kan littafin da ake gamawa kafin koko ya huce!
Shekara biyar, harshe uku, kashi shida cikin ɗari.
Barista Zailani ya gyara zaman tabarau
ya sa yatsa a sakin layi na huɗu:
"Ladidi, ga shi nan, *da duk wani harshe*.
In za ki sayar da akuya, kar ki haɗa da turke."

Suka tambaya, mene ne gwate?
Ko a mayar da shi miya kawai?
Na ce a'a, a bar yaransu su yi tambaya.
To wannan *kash* da ta ce a shafi na goma fa,
yaya za su rubuta shi?
Na zauna da kash a baki har magariba,
sannan na rubuta musu:
shi ne abin da ke fita
bayan ƙwai ya suɓuce, kafin ya kai ƙasa.

Sa'adu, ɗan yayana, shekararsa biyar,
ya ce, "Goggo, in ta je can wa zai koya mata yarensu?"
Na ce ai sauya launi sana'arta ce.
"Idonta fa? Shi ma zai sauya?"
Na tura shi sayen ashana.

Da la'asar Chundung mai dankali ta leƙo aron rariya,
ta ga littafin, ta ɗora jikarta a cinya,
ba ta ko dubi rubutuna ba.
Hoto ta bi da yatsa, tana ba da labarin da Birom.
Abin da na tsinta kaɗan ne,
amma na gane hawainiyarta ba ɓata ta yi ba,
taya kabeji ta zo yi,
kuma ta ce ya yi tsada.
Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya
a shafin da ban sa dariya ba.
Babu lauya, babu kashi shida,
rariyar ma aka manta da ita.

Da dare na ja layi kan *duk wani harshe*.
Na rubuta ukun da suka nema,
su je da ita lafiya, ta sha sanyin da ya fi namu.
Amma Birom, da Angas, da Jarawa,
da duk bakin da ke ciniki a Farin Gada,
waɗannan na bar su a gida,
kowa ya zo ya ɗauka kamar garwashi.

Na sa hannu.
Hadari ya taso daga wajen Shere,
na janye teburin daga ƙarƙashin yoyon,
na fara zanen bushiya.